Ni da ke wuni da allura, tsoron allurar likitan haƙori ya kusa kai ni ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan tamu farin jini. Don Allah ka ɗan sammin fili in amayar da abinda ke cikina, duk da nasan wasu in sun karanta dariya zasu yi suce ji ƙato da gemunsa wai yana tsoron likita. Su yi abinsu, ni dai nasan irina suna da yawa, suna nan cikin kasuwa da tasha da ofisoshi sun naɗe kumatu da rawani ko takunkumi suna cewa sanyi ne ya kama su, alhali dasashi ne ya kumbura ya hana su barci.

Ni tela ne a Zariya, shekarata 23 a kan keke. Allura ta soke ni ba adadi, akwai ma wani ɗinkin sallah da allurar keke ta huda min farce ta ɓullo ta ƙasa, da kaina na zare ta na ɗaure yatsan da ƙyalle na ci gaba da aiki don masu kaya na zaune suna jira. Amma wannan mutumin dai, ni ɗin nan, sai da na yi kusan wata biyu da kumburarren dasashi ina kwana zaune saboda kawai kar in hau kujerar likitan haƙori.

Tsoron nan ba daga sama ya faɗo min ba. Ina ɗan shekara 9 na raka Kawuna kasuwar ƙauyenmu, haƙori ya hana shi sakat kwana da kwanaki. A gindin wata bishiya akwai wani mai cire haƙori ya shimfiɗa buhu, ga faranti cike da haƙoran mutane ya jera su kamar mai tallar goro don a san ya iya, ga filaya ga auduga ga wata kwalba da ban san me ke ciki ba. Ƙarti biyu suka danne Kawu ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya riƙe hannuwa, mutumin ya sa filaya ya murɗa, haƙorin ya karye rabi ya rage a ciki sai da ya koma tono. Mutumin da ko a rasuwa ban taɓa ganin hawayensa ba ranar na ji yana kiran sunan mahaifiyarsa, gaban rigarsa fara ya rine. Tun daga ranar in aka ce cire haƙori wannan hoton ne ke zo min, ban taɓa tsayawa na raba tsakanin na gindin bishiya da na asibiti ba, duk ɗaya na ɗauke su.

Abin nawa a hankali ya faro, shekaru ma. In na goge baki na tofar sai in ga kumfar makilin ta yi ja-ja, in na sha rake in duba ɓawon da na tofar in ga jini a jikin farin. Nace buroshin ne ya cika ƙarfi, sai na daina goge wannan gefen gaba ɗaya wai don in bar shi ya huta, ashe nan ne na tafka babban kuskure don dattin ne ke sa jinin, ni kuma na bar masa fili ya baje. Uwargida ba ta taɓa ce min bakina na wari ba, mace ce mai kawaici, sai dai kullum zan fita ta miƙo min kanumfari tace Malam ɗan tauna wannan mana yana da daɗi. Sai daga baya na gane karatun.

Ranar da abin ya tashi gadan-gadan daga biki na dawo, na ci tsire wani zare ya maƙale a can turmin ƙasa na hagu, na sa tsinke na yi ta sakace har da tsinken ashana. Washegari wurin ya tasa, jibi ya yi tsini kamar ƙwayar gyaɗa, in harshe ya taɓa sai na ji har ƙwaƙwalwa. Da rana da ɗan sauƙi don hayaniyar shago na ɗauke hankali, amma da na kwanta sai ya fara zugi, dum dum dum, daidai da bugun zuciya, ga shi lokacin hunturu ne ko iska na shaƙa ta baki sai na dafe kunci.

Daga nan na shiga hannun likitocin unguwa, kowa ya leƙo shago da nasa maganin. Wannan yace tafarnuwa, wancan yace alif, wani yace jar kanwa, wani dattijo yace tsutsa ce ke cin haƙorin akwai mai fitar da ita da hayaƙi a kasuwa. Wani abokina bakanike da zuciya ɗaya ya kawo min ruwan batir a murfin kwalba wai in ɗiga da auduga jijiyar ta mutu in huta, Allah ya taimake ni wannan kam na ƙi, don na ga yadda ruwan batir ke cinye wando balle naman baki. Wanda na yarda na yi kuma na yi nadama shi ne asfirin, na daka ƙwaya na danna a kan kumburin na kwanta, da safe wurin ya yi fari fat ya saɓule kamar an zuba tafasasshen ruwa. Na gudu gara na faɗa gidan zago, ga kumburi ga ƙuna.

Kemis kuwa sau biyu ina zuwa ana haɗa min kafso da Flagyl. Gaskiya in na sha kwana uku sai kumburin ya sace, ni kuma da na ji sauƙi in watsar da sauran, bayan sati biyu ya dawo ya fi na da. Ban sani ba ashe maganin yana ɗan kwantar da ƙwayoyin cutar ne kawai, tushen abin wato dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi da mugunyar da ta taru yana nan daram, kuma wannan sha a bari da muke yi wa kafso shi ke sa gobe in an sha ya ƙi aiki.

Don in yi adalci, akwai abubuwan da suka taimake ni na ga safiya, kuma da na faɗa wa likita daga baya bata hana ba. Ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali, a kurkure a tofar sau uku ko huɗu a rana, yana rage raɗaɗi yana tsabtace wurin. Tsumma mai sanyi a kan kunci ta waje, ba mai zafi ba. A ɗaga kai da filo biyu in za a kwanta, zugin na raguwa. Kanumfari yana ɗan kashe wurin na wani lokaci amma man nasa in ya yi yawa shi ma ƙuna yake. Farasitamol a haɗiye shi ba a danna a dasashi ba, kuma babba kar ya wuce ƙwaya 8 masu 500 a yini guda komai zafin ciwo don hanta yake taɓawa, wannan na faɗa ne saboda nasan yadda mutum ke watsa su kamar gyaɗa cikin dare. Ibuprofen kuma mai gyambon ciki da mai juna biyu su tambaya tukuna. Sannan a ci gaba da goge wurin a hankali da buroshi mai laushi ko da yana jini. Amma fa duk wannan dabarar kai wa safiya ce, ba wanda ya warkar da ni a ciki.

Wani daren Alhamis zazzaɓi ya rufe ni, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi, da asuba na zo shan koko na ga bakin ba ya buɗuwa sai da ƙyar yatsa biyu ke shiga. Uwargida bata ce min komai ba ta ɗauki waya ta kira Yayata, wadda ta yi aikin nas shekaru kafin ta yi ritaya. Ko sallama bata gama ba ta kama haɓata ta juya ta latsa ƙarƙashin wuya tace kana iya haɗiye yawu? Nace ina iyawa Yaya, da sauƙi ai. Tace rufe min baki da sauƙin me, so kake ka mayar da 'yar mutane bazawara saboda haƙori? Tace irin wannan kumburin in ya gangara ƙarƙashin harshe da wuya maƙogwaro yake toshewa mutum ya kasa numfashi, ta ga waɗanda aka kawo a haka cikin dare, wani kuma sama yake yi ya rufe ido. Duk wanda ya kai ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, ko kumburi ya doshi ido ko wuya, tace wannan ba na jiran Litinin ba ne. Nace Yaya ni fa tsoro nake ji, karon farko kenan da na furta kalmar da bakina. Ta kalle ni ta ɗan yi shiru tace na sani, ai ina gida ranar da kuka dawo da Kawu, tashi mu je ina tare da kai.

Mun yanki kati a wani asibitin gwamnati muka zauna a benci. Edita ƙarar injin nan da ke fitowa daga ɗakin, wani siririn kuka kamar sauro ya samu lasifika, ita ta kusa kore ni. Sau biyu ina miƙewa wai zan je in kama ruwa, Yaya ta riƙe min gefen riga kamar yaron da aka kai makarantar allo ranar farko.

Likitar yarinya ce matashiya, a haife na kusa haifarta. Na zauna a kujerar nan mai kwanciya jikina na rawa har takalmina na buga ƙarfe, nace likita kafin ki taɓa ni ki sani ni matsoraci ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zaci zata yi dariya ko tace sai yanzu ka ga damar zuwa. Sai ta ajiye abinda ke hannunta tace Baba ba kai kaɗai ba ne, ga yadda za mu yi, ba abinda zan sa maka a baki sai na faɗa maka menene, kuma duk lokacin da ka ɗaga hannun hagu zan tsaya cak. Wallahi wannan maganar ta ɗaga hannu ita ta cire min rabin tsoron, don abinda ya tsaya min a rai tun ina yaro ba jinin ba ne, danne Kawu da aka yi ne ba shi da ta cewa. Na gwada ta ma, tana fara dubawa da ɗan madubi na ɗaga hannu ba don na ji komai ba, ta tsaya, ta jira.

An yi hoton haƙorin, ta nuna min a jikin allo inda ƙashin da ke riƙe da turmin ya zaizaye ya yi ƙasa. Tace yau ba cirewa, mugunya za a fitar. Ta shafa wani abu a dasashin ya ɗan yi nauyi sannan ta yi allurar. Ba zan yi ƙarya ince ban ji ba, na ji, kamar cizon cinnaka ne da ɗan tsami na daƙiƙu kaɗan, wanda allurar kekena ta yi min ya ninka shi goma. Bayan 'yan mintuna leɓe da rabin harshe suka zama kamar ba nawa ba. Ina jin ana dannawa ana taɓawa amma ba zafi, sai wani ɗanɗano mara daɗi da wari da ya cika min baki, tace to shi kenan abinda ya hana ka barci ne ke fita. Daren nan na yi barcin da rabona da shi tun kafin bikin, har na makara sallar asuba.

Bayan sati da kumburin ya sauka na koma aka yi min wankin haƙori, da wannan injin mai kukan sauro da na tsana, ashe ruwa yake fesawa yana karkaɗe dattin. Shi kam akwai tsami, musamman haƙoran gaba na ƙasa, sau uku ina ɗaga hannu. Da ta gama ta nuna min abinda ta ɓamɓaro a kan auduga, wasu baƙaƙe wasu ruwan ƙasa kamar ƙanzon tukunya, na rantse da na gansu a ƙasa cewa zan yi tsakuwa ce. Tace wannan farin dattin mai santsi da ke taruwa a gindin haƙori kullum, in ba a goge shi ba cikin 'yan kwanaki yake daskarewa ya zama dutse, in ya daskare kuma ba buroshi ba asuwaki da zai fitar da shi. Shi ke sa dasashi ja da jini, a wannan matakin in an wanke ana warkewa sarai. In aka bari sai dasashin ya saki haƙori ya yi aljihu, abinci da ƙwayoyin cuta su samu ɗaki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, daga nan ƙashi ya fara cinyewa, shi kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. Turmin nawa yana nan bata cire ba amma yana ɗan girgiɗi, tace mu lallaɓa shi mu gani.

Na tambaye ta maganganun da muke yi a majalisa. Wai wanki na sa haƙori ya yi sako-sako ya buɗe, tace dutsen ne da ma ya cike tsakanin ya riƙe su riƙon ƙarya, in an cire sai ɓarnar da ya riga ya yi ta bayyana, mutane su ɗora wa wankin laifi. Wai cire haƙorin sama na makantar da ido, tace ba haɗinsu, abinda ke iya taɓa ido shi ne mugunyar da aka ƙi fitarwa. Tsutsa kuwa murmushi kawai ta yi tace babu wata tsutsa a haƙori. Ta sa aka gwada min suga, don masu ciwon suga dasashinsu na saurin ruɓewa kuma ciwon dasashin shi ma yana hana sugan daidaita, alhamdulillahi nawa lafiya. Ta tambaya ko ina shan maganin hawan jini, wai akwai irinsu amlodipine da nifedipine da kan sa dasashi ya yi kauri ya hau kan haƙori, amma ba a daina sha da ka sai an koma wa likitan da ya rubuta. Mata masu ciki ma tace dasashinsu kan kumbura ya yi jini, kuma ba laifi su zo a duba su, su dai faɗi cewa suna da ciki. Mai shan sigari kuma nasa ya fi haɗari don taba na ɓoye jinin, ba zai ga alama ba sai haƙori ya fara rawa.

Asuwaki bata kushe shi ba ko kaɗan, ni da na zaci zata ce ƙauyanci ne. Matsalar tace yadda muke yi ne, a saƙala shi a gefen baki ana tauna ana hira a goge na gaba guda shida da ake gani a bar na ciki. Ko asuwaki ko buroshi sai an bi gindin haƙori ɗaya bayan ɗaya ciki da waje, safe da kuma dare kafin a kwanta, na daren ma ya fi muhimmanci, kamar minti biyu, da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, buroshi kuma a canza shi duk wata uku ba sai ya baje kamar tsohuwar tsintsiya ba. Nawa da na duba a gida ya fi shekara.

A hanyar dawowa Yaya ta ƙara tsorata ni da zancen yara. Tace mu manya muna da bakin faɗa, yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa ko ya tashi daga ƙyanda, dasashinsa na iya fara jini da wari a ce zafin fitar haƙori ne, cikin 'yan kwanaki ya zama cutar noma mai cinye kunci da leɓe, kuma mafi yawan waɗanda ba a kai asibiti ba basa rayuwa. A Sakkwato asibiti guda aka gina tun 1999 saboda wannan cuta kaɗai, sannan a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Najeriya ce ma ta jagoranci neman a sa ta. Alhali in an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. Ranar da daddare da tocilan na bi bakin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya suna ta mita.

Yanzu ga ƙorafina, don ba yabo kaɗai na zo yi ba. Ni na yi sa'a ina birni kuma na faɗa hannun mai haƙuri. Mutumin ƙauyenmu in dasashinsa ya kumbura ƙaramin asibitin da ke kusa da shi ba mai duba baki, sai ya yi kuɗin mota ya zo birni ya yanki kati ya bi layi wataƙila a ce ya dawo wani satin, to me zai hana shi komawa gindin bishiya wurin mai filaya da zai gama masa yanzu-yanzu? Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 tace kusan mutum biliyan 3.5 ne ke da wata cuta ta baki a duniya, amma mu nan ko a rediyo sai ranar lafiyar baki ta duniya, wato 20 ga Maris, ta zagayo a kira likita ya yi minti goma a sallame shi sai baɗi. Su ma likitocin da ma'aikatansu ina roƙonsu, don na ji yadda ake daka wa wasu tsawa a wasu wuraren, wanda ya zo muku da kumburin wata biyu ya riga ya san ya yi laifi, da ƙyar aka jawo shi, in kuka haɗa masa da faɗa ba zai dawo wankin ba balle ya kawo ɗansa. Kai kuma Edita da za ka ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, likitan haƙori ya riƙa amsa tambayoyin mutane da Hausar da za mu gane, har da faɗin kuɗin kati da na wanki da na ciko a asibitocin gwamnati, don rabin masu cewa tsoro suke ji tsoron kuɗin da ba su san adadinsa ba ne. Ni da na lissafa abinda na zubar a kemis da kwanakin da na rufe shago, na asibitin bai kai ba.

An ce in koma bayan wata shida, na rubuta ranar da allin ɗinki a bangon shago saman keke inda ba yadda zan yi ince na manta. Kuma kar in yi maka ƙarya, in na ɗaga kai na gani har yanzu gabana na ɗan faɗuwa. Shekaranjiya na lura wani yaron shagona yana tauna burodi da gefe ɗaya yana shan shayi yana yamutsa fuska, nace buɗe bakinka in gani, yace ba komai Oga sanyi ne. Litinin in Allah ya kai mu tare za mu je, na riga na gaya masa zancen ɗaga hannun hagu.

Na gode da filin da ka ba ni, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani tela mai karanta jaridarku,
daga Zariya.